Ƙafar Kulu

Buta Malam Yahuza ya sunkuya zai ɗauka. Ba buhun masara ba, ba galma ba, butar roba ce da ruwanta bai kai rabi ba. Wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, sai ya tsaya nan a lanƙwashe kamar lauje, hannu ɗaya a kan gwiwa, ɗayan yana laluben bangon da ba ya kusa.

Matarsa Kulu tana bakin murhu tana dama koko. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi ƙafafunta, sannan ta ajiye ludayin.

"Malam, in zo?"

"Ki zo ki yi mi?" ya ce da ƙyar, yana cije baki. "Miƙo mani sanda."

Ta miƙa masa sanda. Shekara arba'in da bakwai ke nan tana yi masa tambayar nan, shi kuma yana neman sanda.

Wanda bai san Yargoje ba zai ce ai ba wani abu aka yi ba, amma duk ɗan garin ya san abin da Kulu take nufi. Ita da ƙafa ta zo duniya, ba da kai ba irin na sauran mutane, kuma a wajen mutanen da, wanda ya zo da ƙafa to ƙafarsa magani ce ga bayan da ya riƙe. Tun tana 'yar shekara bakwai ake zuwa aronta a wajen uwarta. Mai ciwo ya kwanta rub da ciki a bakin ƙofa, kai a waje ƙafafu a ciki, a shimfiɗa masa zane a baya. Ita kuma ta tuɓe takalmi, ta dafa bango, ta yi bismilla, ta taka. Namiji sau uku, mace sau huɗu. Ba a ba ta komai sai goro, goron ma uwarta ke ci.

Da ta yi aure sai aikin ya biyo ta gidan miji. A shekarun nan, in damina ta kankama aka shiga noman farko, zauren Malam Yahuza ba ya rabuwa da mutane. Daga Sheme ake zuwa, daga Ruwan Godiya ake zuwa, wani a kan jaki, wani a amalanke, kowa na nishi. Shi da kansa zai leƙo cikin gida ya ce, "Ke, ga wani an kawo," ya koma ya tsaya yana kallo da ƙirji a buɗe, kai ka ce shi ya haife ta da ƙafar. In wanda aka taka ya miƙe yana salati, Malam Yahuza ne ke fara cewa, "Ai na faɗa maka."

Amma bayansa shi, a'a.

Daminarsu ta farko da aure bayan ya riƙe masa a gona, aka kawo shi ranga-ranga. Kulu, da zumuɗin amarya, har ta tuɓe takalmi ɗaya. Ya ɗago kai daga tabarma ya ce mace ba ta taka mijinta, in mutanen gari suka ji da wace hula zai fita? Ta mayar da takalminta tana dariya, a zatonta zafin ciwo ne zai wuce. Ciwon ya wuce, maganar ta zauna. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma abin ya yi mata zafi tun ranar, kuma bai daina ba. Ta tayar da bayan rabin gari, wanda take kwana ɗaki ɗaya da shi kuwa ya gwammace ya rarrafa.

To ina yake zuwa? Gidan Ɗanhausa. Wani Bamaguje ne ƙato, gidansu can bayan rafi, tafiyar mil uku, shi ma da ƙafa ya zo. Duk shekarar da bayan ya tashi sai a ɗora Malam Yahuza a jaki, ya tafi yana wayyo a kowace gargada, Ɗanhausa ya hau shi da ƙafa mai faɗin faranti, ya dawo da yamma yana tafe yana jan jakin, da ƙwan zabi a aljihu. Da haka suka zama aminai. Ɗanhausa ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Aradu ban taɓa ganin irinka ba, Malam. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa."

Wannan duk ya zama labari. Ɗanhausa ya rasu, kuma da daji ya lalace iyalinsa suka kwashe suka yi Sabuwa, daga can wasu suka wuce Zariya. Zauren Malam Yahuza ma ya yi shiru. Da farko masu wa'azi suka ce bai dace matar aure ta riƙa taka maza ba, maza suka janye. Daga baya kemis ya zo da ƙwayoyinsa da man shafawa mai yaji, matan ma suka ragu. Yanzu sai Kulu ta yi wata uku ba wanda ya kwanta mata a bakin ƙofa.

Ciwon bana kuwa ba irin na da ba ne. Na da a ƙugu yake tsayawa, kwana uku ya sake shi. Wannan ya gangaro ta cinyar hagu, ya bi ƙwauri, ya je har babban ɗan yatsa, wani lokaci kamar wuta, wani lokaci kamar tururuwa na yawo a cikin nama. Wanzami ya zo ya yi ƙaho. Aka shafa man kemis har ɗakin ya gagari shiga. Kwana goma sha biyu Malam Yahuza yana salla a zaune, ciyawa tana cin masararsa a gona, shi kuma yana kwance yana ƙirga azara.

Kulu ba ta sake tambaya ba, sai ta ɗauki wata hanyar. Kullum da hantsi takan ɗebo ruwa a kwano, ta zauna daidai inda zai gan ta daga kwance, ta ɗauko dutse ta shiga goge kaushi. Ta goge dama, ta goge hagu, ta shafa man kaɗanya, ta miƙe ƙafafun a rana suna sheƙi. A ranta tana cewa bana kam dole ya ce, tunda ba Ɗanhausa, ba jaki, ba inda za shi. Malam Yahuza kuwa sai ya juya fuska bango.

A rana ta goma sha uku autarsu Lauratu ta zo daga Kankara, inda take aure take kuma koyarwa. Ta tsaya a kan uban ta ga yadda ƙafar hagu ta fara sirancewa, ta ce ita kam ba za ta zuba ido ba.

"Baba, akwai likita da ke zuwa Kankara duk Asabar daga Zariya. Aikin baya kawai aka karanta, da hannu ake gyarawa, ba allura ba wuƙa. Amma sai an fara ɗaukar hoton ƙashi."

"Da hannu?" Kulu ta ce daga bakin ƙofa. "Hannu mi gare shi?"

"Inna, ke dai ki shirya mu tafi tare."

Aka kwantar da shi a kujerar baya ta motar mijin Lauratu, kansa a cinyar Kulu don ba yadda za a yi. Da suka fita gari ta ga tsamiyar da ake karkatawa a bi hanyar gidan Ɗanhausa. Hanyar ta rufe, sabara ta cinye ta. Ta tuna yadda takan tsaya a ƙofar gida da yamma ta hango shi tafe yana jan jaki, ta ji daɗi ya warke ta ji haushi ba ita ta warkar ba, duka a lokaci ɗaya. Yau har haushin ma kewarsa take yi. Ba ta ce masa ga tsamiya ba, shi ma idonsa a rufe yake.

An yi hoton ranar Alhamis, suka kwana biyu a gidan Lauratu. Ranar Asabar aka shigar da shi wani ɗaki mai farin fenti, da gado siriri mai gaɓa-gaɓa a tsakiya, da ƙashin bayan mutum na roba an rataye a bango. Wata matashiya ta shigo da farar riga, ɗankwali a kanta, ƙaramin gicciye a wuya. Malam Yahuza ya jira likitan ya biyo bayanta. Ba wanda ya biyo.

Ya dubi Lauratu. Lauratu ta dubi bango.

"Mace ce?" ya ce. "Ku tada ni."

Sai dai wanda ba ya iya tashi da kansa ba ya fushin fita. Yana ta kici-kicin neman sanda, likitar kuwa tana karanta katinsa. Ta karanta sunan, ta karanta garin, ta ɗago ta ƙura masa ido.

"Baba, halan ba ku ne mai farin jaki ba? Mai zuwa gidanmu bayan rafi?"

Ya daina kici-kici.

"Ɗiyar wa ce ke?"

"Blessing ce, jikar Ɗanhausa. Ɗiyar Yusha'u."

Malam Yahuza ya yi salati. Ya tambayi Yusha'u, ya tambayi uwarta, ya tambayi wane da wane, wasu suna nan wasu sun riga mu gidan gaskiya. Idonsa ya ciko, ya share da hannun riga ya ce man kemis ne. Can ya gyara murya ya ce jikar Ɗanhausa ai jikarsa ce, ba laifi jika ta taɓa kakanta. Kulu, da ke zaune a kujerar roba a gefe, ta ce a ranta wato ga kowa akwai fatawa ban da ita.

Blessing ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗaga ƙafar hagu a miƙe har ya yi ƙara, ta ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar guduma, ta soka masa tsinke a tafin ƙafa ta ce ya faɗi inda yake ji. Ta ɗaga hoton a hasken taga ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗauko ƙashin robar nan ta nuna musu.

"Kun gani, tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani abu mai taushi, kamar gammo. Na Baba na ƙasa ya zame gefe, shi ne ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Shi ya sa ciwon na baya amma yatsa ke kuka."

Ta kwantar da shi rub da ciki, ta fara bin ƙashin bayan da yatsu tun daga sama, gaɓa bayan gaɓa. Kulu ta miƙa wuya. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Ƙasa kaɗan. Ta hagu."

Yatsun suka sauka ƙasa kaɗan, ta hagu. Malam Yahuza ya ce wash. Blessing ta juyo da mamaki, ta dubi tsohuwar tun daga fuska har ƙafa, sai ta yi murmushi.

"Ke ce Inna Kulu! Kaka ba shi da hira sai taki. Cewa yake shi nauyi gare shi kawai, amma ƙafar Kulu ido gare ta."

Kulu ta rufe baki da gyale. Rabon da ta ji daɗi irin wannan har ta manta. Ta saci kallon mijinta ta ga ko ya ji, ya kuwa ji, don kunnensa da ke sama ya motsa.

Blessing ta juya shi ya kwanta a gefe, ta naɗe masa gwiwa ɗaya, ta sa hannu a kafaɗa, ɗayan a ƙugu. Ta ce ya ja numfashi, ya sake. Yana sakewa ta danna, gajere, ba da ƙarfi ba. Bayan ya yi 'yar ƙara, gadon ma ya amsa. Ta mayar da shi rub da ciki, ta riƙa sauke rabin gadon na wajen ƙafafu a hankali tana ɗagowa, tana jan ƙugun kamar mai miƙar da jiƙaƙƙiyar igiya. Bayan kamar rabin sa'a ta zaunar da shi. Ya motsa babban yatsansa ya tsaya yana kallonsa.

"Tururuwar ta ragu," ya ce.

"Za ta ƙara raguwa. Asabar huɗu za ku zo, kuma akwai motsin da zan koya maku ku riƙa yi safe da yamma. In ba ta sake ba, ko kuka ga fitsari na ƙwace maku, ba jira, sai babban asibiti."

Kulu ta ga hanya ta buɗe mata. Ga jikar Ɗanhausa ta yaba ta a gabansa, ga shi yau mace ta taɓa bayan kuma hularsa ba ta faɗi ba. Ta gyara zama ta ce, kamar ba da wata manufa ba, "To ɗiyata, tsakanin Asabar da Asabar, in an ɗan taka mashi fa?"

Murmushin Blessing ya ɗauke. Ta zo ta durƙusa a gaban kujerar, ta sassauta murya, amma ɗakin ƙarami ne.

"Inna, ki yi mani aikin gafara. Kada kowa shi taka bayan nan, ko na goye. Ƙashin ya tsufa, gammon kuma ya riga ya fita. In nauyi ya hau wurin, ana iya rasa ƙafafun duka biyu." Ta dafa gwiwar Kulu. "Kuma ba na Baba kaɗai ba. Daga waje ba a gane bayan da zai ɗauka da wanda ba zai ɗauka ba. Ko Kaka ne ke raye, abin da zan faɗa mashi ke nan."

"Haka ne," Kulu ta ce. "Allah shi yi albarka."

Ta janye ƙafafunta ƙarƙashin kujera, ta ja zane ta rufe su. Malam Yahuza yana zaune a bakin gado yana kallonta.

Asabar huɗu suka yi. A ta biyu ya taka da sanda daga mota zuwa ɗaki. A ta uku ya yi ruku'u. Safe da yamma yakan kwanta rigingine a tabarma ya rungume gwiwoyinsa kamar jariri, bayan ya tabbatar an rufe ƙofar gida. Masarar dai ta sha ciyawa, abin da aka samu aka samu, amma mai gona ya miƙe.

Kulu ta yi murna, kuma murnar gaskiya ce. Sai dai ta daina zaman hantsi da kwano, dutsen ma ta jefa bayan rumbu. Ta riƙa tuna mutanen da ta taka, ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kanta ko akwai wanda ya koma gida ya kwanta bai sake tashi ba, ba a dai zo an gaya mata ba. Ba ta tuna ko ɗaya ba, amma tunanin ya hana ta sakewa. Abin da ta sani game da kanta tun tana shekara bakwai ke nan, yanzu kuma ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Wata ranar Laraba da hantsi maƙwabciyarsu Hafiza ta shigo dafe da ƙugu, ta ce tun jiya da ta sauke tulu bayan ya riƙe, Inna ta taimaka. Har ta fara kwance gyale za ta shimfiɗa.

"Ki tahi Kankara ran Asabar," Kulu ta ce. "Na bari."

"Inna, sau huɗu ne fa kawai."

"Na ce na bari."

Hafiza ta fita tana ɗingishi. Malam Yahuza yana cikin ɗaki rungume da gwiwoyinsa, ya ji komai.

Da la'asar sakaliya Kulu ta dawo daga ɗaure awaki, sai ta tarar da mutum kwance a bakin ƙofar ɗakinta, rub da ciki, kai a waje ƙafafu a ciki. Ya cire hula ya ajiye a gefe. Ya ma yafa wa bayansa zanenta na atamfa da kansa, a karkace. Ta ɗauka faɗuwa ya yi.

"Malam! Lafiya?"

"Lafiya lau." Muryarsa ta fito daga ƙasa. "Zo ki taka."

Ta tsaya da igiyar akuya a hannu.

"Ba ka ji abin da yarinyar ta ce ba?"

"Na ji. Kunnena ba shi da ciwo."

"Ƙafafu biyu ta ce, Malam."

"Ƙafafuna ne ai. Ke dai zo, kada wani shi shigo."

Ta dube shi. Furfurar ƙeyarsa, wuyan da ya yamushe, yatsun da ya kafa a ƙasa kamar mai jiran duka. Tsoro yake ji, ta gani sarai, kuma bai tashi ba. Shekara arba'in da bakwai tana jiran kalmar nan, sai yau ta zo, da ba ta da halin karɓa kuma ba ta da zuciyar mayarwa.

Ta yar da igiyar. Ta tuɓe takalmi, ta tsallaka ta gefensa ta shiga, ta dafa bango da hannu biyu. Ta yi bismilla. Ta tattara duk nauyinta a ƙafar hagu da ke ƙasa, ta ɗaga ta dama, ta sauke ta a kan zanen a hankali har sai da ta ji ɗumin bayansa a tafinta, nan ta tsaya. Ta ɗaga. Ta sake saukewa. Gwiwar hagu ta fara karkarwa, farcenta ya shiga cikin yaɓen bango. Ta ɗaga, ta sauke na uku, ta bar ƙafar a wurin ta ɗan jima.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan."

Ya sauke wani dogon numfashi, ƙura ta ɗan tashi a gaban hancinsa. Ya motsa yatsun dama, ya motsa na hagu.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe ba ki da nauyi."

Kulu tana nan dafe da bango, tana jiran ƙafar hagu ta daina rawa.